Yadda Ake Binciken Katin RAID na Saba da Umarnin UEFI Shell Kafin a Ce Ya Mutu

Kusan duk kiran da nake samu a kan wannan matsala da magana ɗaya yake farawa: "Malam, katin RAID ɗinmu ya mutu, nawa ne sabo?" Katin RAID shi ne katin da ke haɗa faifai da yawa na saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, su zama jeri ɗaya. In na tambayi wa ya tabbatar da mutuwar, sai a ce ai an ɗauke wuta da daddare, da safe aka kunna saba ta tsaya a baƙin allo, Windows ko Linux bai tashi ba. Wannan ba shaidar mutuwar kati ba ce. Batirin madabod, wato babban allon kwamfutar, in ya ƙare yana jawo haka. Kebul da ya saki yana jawo haka. Faifai ɗaya da ya yi nauyin tashi ma yana jawo haka. Tun da tambayar ta yi yawa, ga hanyar da nake bi, mataki bayan mataki.

Tambayoyi huɗu ake yi wa saba, kuma a jere ake yin su. Madabod tana ganin katin? Direban katin ya hau? Katin yana amsa magana? Yana ganin faifansa? Duk inda amsa ta fara zama a'a, nan matsalar take, babu amfanin tsallakawa gaba. Ana yin wannan binciken ne a cikin UEFI Shell, wato allon rubuta umarni da ke aiki tun kafin babbar manhaja ta tashi, don haka ba ruwansa da ko Windows ya lalace ko bai lalace ba.

Misalaina na katunan MegaRAID ne da danginsu, domin su suka fi yawa a sabobin da ake shigo da su na hannu, irin su Dell R720 da R730 da na Supermicro. Na HP na yi musu bayani daban a ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Filashi ƙarami, ko mai giga 4 ya isa. Wata kwamfuta mai intanet da za ka haɗa filashin a kanta. Kibod da sikirin da za ka jona wa sabar kai tsaye. Salatif na takarda da alƙalamin maka. Sukundireba, da bulowa ko burushi mai laushi. Batirin madabod sabo, wato CR2032, wanda ko a shagon masu gyaran agogo za ka samu. Manhajojin duka kyauta ne, kuɗin da za ka kashe a nan bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne wuta tsayayyiya. Ka tabbatar sabar tana kan UPS ko inbata mai caji, kuma an ja kunnen mai janareta kada ya sauya layi kana tsakar aiki.

1. Ɗauki hoto, sa wa faifai lamba

Kafin ka danna ko maɓalli ɗaya, ɗauki hoton abin da ke kan sikirin da wayarka. Saƙon da kati ke fitarwa lokacin tashi rabin bincike ne, kuma wani ba ya sake fitowa in ka wuce shi. Ɗauki hoton gaban sabar ma, a ga wane tire ne fitilarsa take kore, wanne ne take ruwan lemo, wanne ne a mace.

Sannan yanki salatif, ka manna wa kowane tire lambar gurbinsa: 0, 1, 2, har ƙarshe. Daga sifili ake fara ƙirga.

Gargaɗi: idan sikirin ya nuna "Foreign configuration(s) found on adapter" yana ba ka zaɓin danna F ko C, kada ka danna F tukuna, kada kuma ka shiga ka goge komai. Za mu zo kansa a mataki na 8. Haka nan kada ka zare faifai ka mayar "don ya farfaɗo" alhali saba tana kunne. Da yawa daga cikin jerin da na ga sun tarwatse, wannan zare-zaren ne ya ƙarasa su.

2. Haɗa filashin

Yi wa filashin fomat na FAT32. UEFI, wato manhajar madabod da ke tayar da saba, ba ta karanta NTFS, kuma wannan ne kuskuren da ke sa mutum ya ɓata awa guda yana zagin filashi. Buɗe folda mai suna EFI, a cikinta wata mai suna BOOT. Sauke fayil ɗin Shell na aikin TianoCore EDK2, mai lamba x64, ka sa shi a cikin BOOT, ka canza masa suna zuwa `BOOTX64.EFI`.

Sai ka sauke StorCLI, manhajar da ake yi wa katin tambayoyi da ita, daga shafin kamfanin Broadcom. A cikin ƙunshin akwai folda ta EFI, ka ɗauko `storcli.efi` ka ajiye a bakin filashin, ba cikin wata folda ba, don ya yi saurin kira.

Sabobin Supermicro da yawa, da HP daga Gen9 zuwa sama, suna da Shell a jikinsu. Duk da haka ka riƙe filashin, domin a kansa za ka ajiye sakamakon bincike.

3. Shiga Shell

A Dell, danna F11 lokacin tashi, ka zaɓi filashin. A Supermicro ma F11 ne, za ka ga "UEFI: Built-in EFI Shell" a jerin. A HP danna F9, ka shiga Embedded Applications.

Abu biyu ke hana filashi tashi: Secure Boot a kunne, ko kuma saba tana kan tsarin tashi na BIOS maimakon UEFI. Dole ka sauya su na ɗan lokaci.

Gargaɗi: rubuta yadda ka same su kafin ka sauya. Windows ɗin da aka ɗora a tsarin BIOS ba zai tashi a UEFI ba, haka ma akasinsa. In ka manta ka mayar, za ka gyara kati ka koma kana neman wata cutar da kai ka haddasa ta. Kuma tun da kana cikin saitin, duba kwanan wata. In ka ga agogo ya koma shekarun baya, batirin madabod ya mutu, kuma mai yiwuwa saitin gaba ɗaya ya koma na kamfani. Wani lokacin labarin ke nan duka: kati lafiyarsa ƙalau, tsarin tashi ne ya juya.

Da ka ga `Shell>`, rubuta:

`map -r`

Nemi layin da ke da kalmar USB a cikin doguwar hanyarsa, shi ne filashinka. In FS0 ne, rubuta `fs0:` sannan `ls`. Ka ga `storcli.efi`? To kana wurin da ya dace. Kada ka ɗauka filashi kullum FS0 ne, in faifan sabar yana bayyana yakan riga shi karɓar lambar.

Dabara biyu da za su sauƙaƙa maka: ƙara `-b` a bayan umarni yana sa rubutu ya riƙa tsayawa shafi-shafi, sannan `>a` yana zuba sakamako cikin fayil da za ka iya buɗewa a kowace kwamfuta.

4. Madabod tana ganin katin?

`pci -b`

Jerin zai yi tsawo, ka yi haƙuri da shi. Abin da kake nema layi ne irin wannan:

`00 02 00 00 ==> Mass Storage Controller - RAID controller`
`Vendor 1000 Device 005D`

Lambar 1000 ta kamfanin LSI ce, wanda Avago ya saya a 2014, daga baya sunan ya koma Broadcom. Shi ya sa kati ɗaya za ka ga wani wuri an kira shi LSI, wani wuri AVAGO, wani wuri Broadcom. Katunan PERC na Dell ma 1000 suke nunawa, domin cikinsu na LSI ne. Lamba ta biyu ita ke faɗin wane guntu ne a jikin katin: 005B shi ne SAS2208 na PERC H710, 005D shi ne SAS3108 na PERC H730 da MegaRAID 9361, 0079 kuma na tsohon 9260. In ka ga 9005 na Adaptec ne, 103C na HP.

Ajiye shi: `pci >a pci.txt`

In katin ya bayyana, ɗauki lambobi uku na ƙarshe a farkon layin ka tono cikinsa:

`pci 02 00 00 -i -b`

Gangara ƙasa ka nemi faɗin layin da kati ya ƙulla da madabod. Katunan nan na layi takwas ne, wato x8. In ka ga x4 ko x1 alhali ramin na x8 ne, haƙoran katin ba su zauna daidai ba, ko ƙura ta shiga tsakani. Bayan lokacin hunturu wannan ba baƙon abu ba ne, musamman a ɗakin da ake buɗe taga saboda na'urar sanyaya ɗaki ta lalace.

In kuwa babu katin a jerin kwata-kwata, har yanzu ba a kai ga ta'aziyya ba. Bi waɗannan a jere. Shiga saiti ka duba ko an kashe ramin: a Dell yana ƙarƙashin Integrated Devices, akwai Integrated RAID Controller da kuma Slot Disablement. Sannan ka tuna cewa a saba mai gurbin furosesa biyu, wasu ramukan na furosesa ta biyu ne, in ba ta nan ramin gawa ne ko da sabon kati ka cusa. Sai ka kashe saba, ka zare wayoyin wuta duka biyu, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 20 don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen jikin sabar kafin ka taɓa kati. Cire shi, hure ramin, mayar da shi har ka ji ya zauna. In kati ne na rami na yau da kullum, gwada shi a wani ramin. Ƙananan katunan Dell da ke kwanciya a gurbinsu na musamman kan madabod ba su da wani wurin zuwa, sai dai a gwada su a wata sabar irinta.

Katin da bai fito a `pci` ba a rami biyu, ko a saba biyu, shi ne za ka iya cewa ya mutu da bakinka.

Gargaɗi: in akwai batir a jone da katin, kada ka cire wayarsa lokacin da kake ciro kati. Wataƙila shi kaɗai ke riƙe da bayanan da ba a kai ga rubutawa a faifai ba.

5. Direba ya hau?

Kati yana ɗauke da ƙaramin direbansa na UEFI a cikinsa, madabod ce ke ɗauko shi lokacin tashi. Duba ko hakan ta faru:

`drivers -b`

Nemi suna mai ɗauke da LSI, AVAGO, Broadcom ko PERC. Lambar farko a layin ita ce lambar direban, rubuta ta. Sai ka kalli ginshiƙin #D, adadin na'urorin da yake riƙe da su, da #C, adadin 'ya'yan da ya samar. Direba mai #D ɗaya ya kama katinsa. In #C babu komai, ya kama kati amma kati bai miƙo faifai ko ɗaya ba.

In babu direban a jerin alhali `pci` ya nuna katin, sau da yawa saiti ne. A Supermicro duba PCIe/PCI/PnP Configuration, kowane rami yana da zaɓin Disabled, Legacy ko EFI. A Dell zaɓin Boot Driver Disabled yana yin wannan aika-aikar. Tsofaffin katuna kuma wasu ba su da direban UEFI sam, sai dai a shige su ta tsohuwar hanya, Ctrl+R ko Ctrl+H lokacin tashi.

In direba yana nan amma bai kama komai ba, rubuta `connect -r` sannan `map -r`, ka sake dubawa.

Yanzu gwajin da ake yawan tambayata a kansa:

`drvdiag`

Shi kaɗai ba tare da ƙari ba, zai jero direbobin da ke da gwajin kansu, kowanne da lambar direba da lambar na'ura. In naka yana ciki, misali direba 9A na'ura B2:

`drvdiag -s 9A B2`

Harafin s gwaji ne na yau da kullum. Akwai `-e` mai zurfi da `-m` na masana'anta. Ni a saba mai bayanan mutane a kan `-s` nake tsayawa, domin kowane kamfani shi ya san abin da ya cusa a sauran biyun.

Gaskiyar magana, kada ka ɗora wa wannan gwajin nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Direbobin RAID da yawa ba su da shi, rashin ganinsu a jerin ba ya nufin komai. In ya ce an faɗi, wannan shaida ce mai ƙarfi. In ya ce an ci, abin da ya tabbatar kawai shi ne kati yana numfashi.

Gargaɗi: akwai ɗan'uwansa `drvcfg`. Kada ka haɗa shi da `-f`, wannan tilasta komawa saitin kamfani ne.

6. Leƙa faifan haɗaka ba tare da rubuta komai ba

Koma kan sakamakon `map -r`. Faifan haɗaka da kati ya ƙera daga faifai da yawa yana fitowa a matsayin BLK, kuma a hanyarsa za ka ga Scsi. In BLK2 ne:

`dblk blk2 0 1`

Wannan karatu ne zalla, ba ya taɓa komai. Ƙarshen shafin ya kamata ya nuna 55 AA. Sake yi da `dblk blk2 1 1`, in faifan na tsarin GPT ne za ka ga rubutun EFI PART a gefen dama. Ka ga waɗannan? To kati yana aiki, jerin yana karantuwa, matsalarka tana wajen tsarin tashi ko babbar manhaja. `bcfg boot dump` zai nuna maka ko sunan Windows ko Linux ɗin yana nan a jerin tashi. In sifili ne ya cika shafin daga sama har ƙasa, tsaya ka tambayi waɗanda ke wurin abin da aka danna kafin zuwanka.

7. Sa katin ya yi magana da bakinsa

`storcli.efi show`

Layin da ya fi muhimmanci shi ne Number of Controllers. In 1 ne, madalla. Dubi ginshiƙin Hlth: Opt lafiya, NdAtn yana neman kulawa.

In ya ce 0 kuma sabar Dell ce, kada gabanka ya faɗi. Katunan PERC da nasu kayan aikin suke jin magana, perccli, wanda umarninsa iri ɗaya ne da na StorCLI. Hanya mafi sauƙi a Dell ita ce F2, Device Settings, ka zaɓi katin. Duk abin da zan lissafa a ƙasa yana can cikin Virtual Disk Management da Physical Disk Management. In kuwa katin MegaRAID ne na asali, `pci` yana ganinsa amma StorCLI ya ce 0, ko kuma lokacin tashi ka ga saƙon cewa manhajar cikin kati tana "Fault State", to katin ya kunnu amma ƙwaƙwalwarsa ta tsaya. Yi masa abin da na faɗa a mataki na 4, sannan ka gwada tashinsa bayan ka zare kebul ɗin faifai daga jikinsa, saba a kashe. In ya farfaɗo ba tare da faifai ba, wani faifai ne ko allon da faifai ke cusuwa a jikinsa ke shaƙe shi. In bai farfaɗo ba, nemi wani kati.

Kafin komai, kwashe duk abin da ya sani:

`storcli.efi /c0 show all >a kati.txt`
`storcli.efi /c0/eall/sall show all >a faifai.txt`
`storcli.efi /c0 show events file=tarihi.txt`

Sannan `storcli.efi /c0 show` don karantawa a sikirin. A jerin faifan haɗaka, Optl lafiya, Dgrd an rasa faifai amma ana tafiya, OfLn jeri ya faɗi. A jerin faifai ɗaiɗai, Onln yana aiki, Rbld ana sake gina shi, UGood lafiyayye ne amma ba ya cikin jeri, UBad kati ya yi fushi da shi, Offln an fitar da shi.

Ƙirga faifan. In takwas ne a gaban saba amma huɗu suka fito, kuma huɗun da suka ɓace a jere suke, 0 zuwa 3 ko 4 zuwa 7, to ka zargi kebul kafin kowa. Kowane kebul na SFF-8087 ko SFF-8643 layi huɗu yake ɗauka, kuma faifai huɗu ba sa haɗa baki su mutu dare ɗaya.

A cikin `faifai.txt` akwai ƙirge uku ga kowane faifai. Media Error Count ciwo ne a jikin faifan kansa. Predictive Failure Count faifai ne ke sanar da kai ya kusa tafiya. Other Error Count yawanci na hanya ne, kebul ko allon da faifai ke cusuwa a jikinsa ko wuta. In wannan na ukun ya hau a faifai da yawa lokaci guda, sauya faifai asarar kuɗi ce.

In katin yana ta ƙara ya hana kowa sakat, `storcli.efi /c0 set alarm=silence` zai rufe masa baki ba tare da ya taɓa komai ba.

8. Baƙon tsari da ma'ajiyar da ta maƙale

Nan ne ake asara, don haka zan daɗe.

Bayanin yadda aka jera faifai, wanne ne na farko, RAID nawa ne, a jikin faifan kansu yake a rubuce, kati kwafi kawai yake riƙewa. In abin da ke kan faifai ya saɓa da abin da kati ya sani, sai ya kira shi Foreign, baƙo. Ɗaukewar wuta tana jawo wannan sosai: faifai ya makara wajen tashi, kati ya rufe ƙofa, da ya iso sai a ce masa baƙo.

`storcli.efi /c0/fall show`
`storcli.efi /c0/fall import preview`

Na biyun yana nuna maka abin da zai faru in ka shigo da baƙon, ba tare da ya aikata ba. Karanta shi da natsuwa. Matakin RAID daidai ne? Girman daidai ne? Adadin faifai ya cika? In duk faifan jerin ne suka zama baƙi tare, kuma hoton da ya nuna shi ne jerin da ka sani, sai ka rubuta `storcli.efi /c0/fall import`.

In kuwa jeri yana tafiya a Dgrd, faifai ɗaya ne kawai baƙo, labari ya sha bamban. Wannan faifan ya tsaya a baya, sauran sun ci gaba da rubutu ba shi. Tashi sabar a haka, kwashe bayanai zuwa wani wuri, sannan ka dawo kansa.

Mafi haɗari shi ne RAID 5 da faifai biyu suka fita. Buɗe `tarihi.txt` ka nemo wanne ya fara fita, da yaushe. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ya fita tun watanni ba wanda ya lura, na biyun ne ya fita jiya. Na jiyan ne kaɗai ake iya tilasta wa komawa aiki. In ka dawo da tsohon, kati zai gauraya bayanan watannin baya da na yau, fayiloli su buɗe amma cikinsu shirme.

Gargaɗi: `/c0/fall del`, da Clear Foreign Configuration a cikin saiti, da Clear Configuration, da Initialize, ba kayan bincike ba ne. Haka ma ƙirƙirar sabon faifan haɗaka a kan tsofaffin faifai. Garin neman gira ake rasa ido.

Na taɓa zuwa wani ofis da azahar, bayan wuta ta yi rawa da daddare. Yaron da ke kula da kwamfutocinsu yana tsugune gaban saba, ya riga ya shiga saitin kati, haske yana kan Clear, yatsansa a kan Enter, shugabansa na tsaye a bayansa da carbi a hannu yana cewa albashi bai fita ba. Na ce, "Ƙanena, ɗaga hannunka tukuna." Ya ce ai ya ga an rubuta baƙo ne, yana so ya share baƙon na gida ya fito. Shugaban ya juyo: "Injiniya, yau za ta tashi kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa, kada kowa ya taɓa kibod." Faifai shida ne, duka shidan baƙi, hoton gwaji ya nuna jerin a cike. Shigo da su bai ɗauki minti ɗaya ba. Baƙon da yaron ke shirin sharewa shi ne bayanan ofishin gaba ɗaya, kuma kwafin ajiyarsu na ƙarshe ya kwana biyu.

Sai ɗaya matsalar. Idan ka ga "There are offline or missing virtual drives with preserved cache", ma'anarsa wuta ta yanke alhali kati yana riƙe da bayanan da bai kai ga zubawa a faifai ba, yana jiran faifan su dawo.

`storcli.efi /c0 show preservedcache`

Maganinsa shi ne dawo da faifan da suka ɓace, ta gyara kebul ko shigo da baƙon tsari, kati zai zuba abin da ya riƙe da kansa. Share ma'ajiyar, wato inda kati ya riƙe bayanan, yana sa saba ta wuce, amma abin da ke ciki ya tafi har abada, kuma in rumbun bayanai ne ke kan sabar zai iya tashi a gurguje. Ka kuma san cewa tsofaffin katuna masu dogaro da batir zalla awa 48 zuwa 72 suke iya riƙewa, shi ma in batirin sabo ne. Kada a kashe saba a tafi hutun ƙarshen mako da wannan saƙon a kanta.

9. Batir da zafi

`storcli.efi /c0/bbu show all` na masu batir ne, `storcli.efi /c0/cv show all` na masu CacheVault, na'urar da ke kare ma'ajiyar kati a madadin batir. In batir ya mutu, kati yakan daina ajiye rubutu a ma'ajiyarsa, za ka ga ginshiƙin Cache ya koma daga RWBD zuwa RWTD. Saba za ta yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi, amma bayanai suna cikin aminci. Kada ka tilasta Always Write Back don neman sauri, a wurin da wuta ke zuwa tana tafiya wannan caca ce. Duba batirin da idonka ma, in ya kumbura cire shi.

`storcli.efi /c0 show temperature`

Guntun waɗannan katuna yana da zafi ko a ƙasar sanyi, kuma iskar fankokin saba yake dogaro da ita. In ka ga yana dosar digiri 100, ko kati yana aiki da safe ya ɓace da rana, duba fanka, duba ƙura a ƙarfen sanyaya, duba ko ƙusoshin robar da ke danne ƙarfen sun karye. Barin murfin saba a buɗe "don ta sha iska" yana ƙara wa kati zafi ne, domin iskar ba ta bi ta kansa.

A cikin `tarihi.txt`, in ka ga ana maimaita Multibit ECC, ma'ajiyar katin ce ta lalace. Wannan ba ya gyaruwa da hurawa.

10. In ta tabbata sai an sauya

Nemi kati iri ɗaya, ko na gaba da shi a gida ɗaya, mai manhajar ciki daidai da ta tsohon ko sabuwa. Lambar tana cikin `kati.txt` a layin FW Package Build. Na hannu ya wadatar, farashinsa yana bin dala, amma ko yaya ya kai bai kama ƙafar kuɗin masu ceto bayanai ba. Ka roƙi mai sayarwa ya haɗa maka da batir da kebul, ka kuma gwada katin da `pci` da `storcli.efi show` kafin ka jona masa faifai. Bayan ka jona, faifan za su fito a baƙi, sai ka koma mataki na 8. In an kulle faifan da mabuɗin sirri a tsohon katin, sai da wannan mabuɗin za su buɗe.

Gargaɗi: kada ka sabunta manhajar cikin kati a matsayin magani alhali jeri yana Dgrd ko OfLn. Bari sai bayanai sun fita.

Masu HP: matakai na 4, 5 da 6 duka suna aiki daga Gen9 zuwa sama, amma katunan Smart Array ba sa jin StorCLI, ta Smart Storage Administrator ake shiga, F10 lokacin tashi. DL380p Gen8 ba ta da UEFI, lambobin da take fitarwa lokacin tashi za ka karanta: 1783 gazawar kati, 1785 ba a ga tsarin jeri ba, 1779 an dakatar da faifan haɗaka saboda tsoron asarar bayanai. A kan 1779 za ta ba ka F1 ko F2. F1 yana barin komai yadda yake, shi za ka danna har sai ka gama bincike.

Masu katin da ba na RAID ba, irin su 9211 da 9300, `sas2flash.efi -listall` ko `sas3flash.efi -listall` ne naku. In sas2flash ya ce "Application not started from Shell", ba katin ba ne, tsohon Shell na farko yake so, sauya fayil ɗin da ke filashin.

11. Mayar da komai yadda ka same shi

Rubuta `reset`, shiga saiti, mayar da tsarin tashi da Secure Boot yadda ka rubuta a mataki na 3, gyara kwanan wata, zare filashin. Da sabar ta tashi, fara kwashe bayanai kafin ka sa sabon faifai, domin sake gini yana matsa wa sauran faifan na awoyi, manyan faifai ma har kwana, kuma a nan ne na biyu mai rauni yakan faɗi. Fayilolin nan huɗu, `pci.txt` da `kati.txt` da `faifai.txt` da `tarihi.txt`, ka kwafe su a folda mai kwanan watan ranar, ka bar wa masu sabar kwafi ɗaya.